Hajiya Kyauta Ta Tafi Tana Cigiyar Mutanenta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, cikar da ko tsinke ba zai samu wurin shiga ba, nake rubuta wagga sanarwa yau Talata bayan la'asar. Hadari ya haɗu gabas tun hantsi, ya tsaya yana kallonmu, bai zuba ba bai kuma watse ba, gari sai gumi. Ni ne Sadi mai ɗaukar murya, wanda shagonsa ke bakin kasuwar Talata Mafara, jikin injin niƙan Hamma. A madadin ni kaina da sauran waɗanda abin ya shafa, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Mafara da Bakura da Maradun rasuwar kwamfutata, abokiyar neman abincina, Hajiya Kyauta. Ta cika ranar Asabar da ta wuce da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, a kan teburinta, a gaban likitanta, bayan doguwar jinya da gajeriyar kulawar masana.

Shekarunta a duniya babu wanda ya sani. A hannuna dai ta yi shida. Yayana Hamidu ne ya bar mini ita ranar da ya samu aikin tuƙi ya koma Gusau, shi ma a hannun wani ya same ta, wanin kuma ba mu bi sawunsa ba. Muna kiranta Hajiya don an tabbatar mana ta taɓa hawa jirgin sama, ko da yake wajen da jirgin ya nufa ba a faɗa mana ba. Ta zo mana batirinta ya riga ta gidan gaskiya, saboda haka duk zamanmu ba ta taɓa rabuwa da cajarta ba. In ƙafar wani ta taɓa wayar cajar, sai ta suma, a yi ta lallashi.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta da kwaɗayi, ba ta da yawon banza. Shekara shida ba ta taɓa leƙa intanet ba, shi ya sa ba ta san gulma ba, ba ta kuma taɓa kwaso cutar gidan wani ba. Aikinmu ni da ita shi ne mutum ya zo ya faɗi abin da yake so jama'a su ji, mu ɗauka, mu gyara, mu sa masa a memori ya je ya kunna a lasifika. Ta bakinta aka yi tallan maganin shawara da ya cika kasuwar Jangebe wata uku. Ta bakinta aka yi cigiyar jar akuyar mutanen Garbadu, har aka samu akuya huɗu, duk jajaye. Sanarwar ɗaurin aure kuwa ba a magana. Dikko mai takalma, wanda muryarsa in ya yi sallama kaji ke watsewa, ya shiga hannun Hajiya ya fito har matarsa ta tsaya sauraren tallan ba ta gane mijinta ba.

Babbar baiwarta ita ce share ƙara. Wanda ya san shagona ya san bango ɗaya ya raba ni da injin Hamma, kuma injin nan daga fitowar rana har magariba ba ya numfasawa. Farkon zuwana na je har gabansa, na gaida shi, na tambayi gida da iyali da gajiya, sannan na roƙe shi ya riƙa ba ni shiru ko na minti biyar in baƙo ya zo. Ya dube ni, gari ya yi masa fari har gira, ya ce: "Sadi, ranar da ka ji injin nan ya yi shiru, ka zo gaisuwa, na mutu." Ban ƙara ba. Hajiya ce ta raba gardamar. A ɗauki magana cikin rugugi, ta tsince rugugin ta zubar kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ta miƙo maka murya tsaf.

Masu tambaya ko tana da wata tsohuwar cuta, e tana da ita, kuma da ita ta zo. Kowace safiya in na taɓa ta, sai ta ce "ƙirit, ƙirit", fankarta ta ja dogon numfashi, "huuuu", fuskarta ta yi haske a hankali kamar wadda aka tasa daga barcin rana. In na buɗe manhajar da muke haɗa murya da ita, ba ta fara aiki sai ta fito da wani ɗan akwati mai sunaye uku da Turanci. Karatuna bai yi nisa ba, amma Hamidu ya bar mini wasiyya kafin ya tafi: in ka ga akwatin, danna madannin dama. Daga baya ne masana suka fahimtar da ni cewa sunayen nan na wasu ƙananan 'yan aiki ne da ake maƙala wa manhaja, ana ce musu fulogin. Kowanne da abin da ya iya: wani ƙara kauri, wani amsa-kuwwa irin ta rediyo, wani share ƙara. Uku daga cikin nata sun ɓace tun a hannun masu ita na farko, ita kuwa ba ta daina tambayarsu ba.

Ni dai a matsayin gaisuwa na ɗauki abin. Mu nan ba a shiga magana sai an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi mutum uku, in danna na dama, wato lafiya lau suke, ta ce "tin", ta ɗaura ɗamara da waɗanda suka samu zuwa. Ta faɗi wanda babu, ta yi aiki da wanda ke nan. Shekara shida haka, ba mu taɓa kwana da aikin wani ba. Amsa-kuwwar rediyo ce kawai muka lura ba mu da ita, kuma har yau babu mai akuyar da ya dawo ya ce rashin amsa-kuwwa ya hana a ga akuyarsa.

Ciwon ajali ya fara ne farkon damina, kuma tunda sanarwar mutuwa ba wurin ƙarya ba ce, hannuna na ciki.

Kakata Marka, mahaifiyar babana, mutuniyar wani ƙauye ce kusa da Gidan Goga, ƙasar Maradun. Shekara huɗu ke nan tana wurinmu tun da zama ya gagara suka baro gida. Mutanen ƙauyen sun watse, wasu Bakura, wasu Mafara, wasu inda ba a dawowa. Marka ce kaɗai ta rage da ke riƙe da garin a ka: gida arba'in da ɗaya, daga ƙofar gabas zuwa rijiya, wa ke bin wa, gonar wa ta yi iyaka da ta wa, kuma kowane gida ina ya nufa. Jikokinta da aka haifa nan ba su taɓa ganin wurin ba. Wata Alhamis ta sa aka kawo ta shago, ta zauna gaban makirfo ta ce a ɗauka, don in ranar komawa ta zo ba ta nan, yara su san inda za su tsaya. Ta yi magana awa uku, ruwa kawai ta kurɓa sau biyu.

Da na zo ajiyewa, Hajiya ta ce cikinta ya cika. Marka na zaune tana kallona. Na shiga lalube, na tarar da wata folda cike da wasu ƙananan abubuwa. Ba hoto ba ne, ba waƙa ba, ba bidiyo ba, in ka danna su ba su buɗewa. Na ce waɗannan zauna-gari-banza ne, sun tare wuri ba su noma ba su kiwo. Na share su kamar mai cirar ciyawa, maganar Marka ta shiga, na raka ta ta hau babur ina jin kaina wani injiniya.

Washegari akwatin gaisuwa ya fito da suna goma sha ɗaya. A cikinsu har da mai share ƙara. Abin mamaki shi yana nan, bai je ko'ina ba, amma ya ce ba zai ɗaga ko tsinke ba sai ubangidansa na kusa, ubangidan kuwa yana cikin waɗanda na cire da ciyawa. Ashe kowane fulogin yana da wanda ya jingina da shi, irin abubuwan nan marasa fuska da ba su buɗewa. Duk da haka Hajiya ba ta yi fushi ba. Ta lissafa su, na danna na dama, ta ce "tin", ta buɗe. Maganar Marka na nan cikakkiya, sai dai injin Hamma na bisa kanta, kana jin tsohuwa kamar mai magana ƙarƙashin kwano ana tsuga ruwa. Da na tsaya nan, da yau ba ni ke rubuta sanarwa ba.

Sai aka yi mini kwatancen likita. Injiniya Zaharaddini na Bakura, mai tabarau, mai waya biyu, mai takardar shaidar karatun wata uku da aka sa a gilashi. Ya zo ya zauna, ya yi wa Hajiya kallon da ake yi wa tsohuwar da ta zo asibiti da layu a wuya. Ya ce ba cuta ke damunta ba, ƙauyanci ne. Manhajar da take aiki da ita an bar yayinta tun yana firamare. Ya jona ta da wayarsa, karo na farko a hannuna ta leƙa duniya, ya sauko mata da sabuwa.

Ina yi wa waɗanda suka ƙera sabuwar manhajar nan fatan alheri duk inda suke, don mutane ne masu tsari. Su a wurinsu in mutum ɗaya bai zo ba, an fasa taron. Kuma ba a faɗin wanda bai zo ba, don tona asiri ba kyau. Ka danna ta, ta nuna maka hoto mai ban sha'awa, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, sai ta ɓace, ta bar ka da fuskarka a gilashi. Babu akwati, babu suna, babu madannin dama balle na hagu. Na tambayi Zaharaddini ina gaisuwar, ya ce ai ci gaban ke nan, yanzu ba a ɓata lokaci. Gaskiyarsa. Kwana tara ba ta ɓata mana ko minti ɗaya wurin aiki ba.

A kwana na huɗu ya tono wata takarda can cikin hanjinta, inda manhajar ke rubuta ƙorafinta a ɓoye kamar mai jin kunyar surukai. Nan muka ga sunan wanda take nema. Muka ɗauki Hajiya da ɗan janareta a babur zuwa bakin kanal ɗin ban-ruwa, inda sabis ya fi ƙarfi, muka sauko da shi. Ya iso ya ce sai ubangidansa. Muka sauko da ubangidan, ya ce shi ma yana da wa. Kamar ka je aron galma ne a ce maka sai maigida ya dawo, maigida ya dawo ya ce sai wansa ya yarda, wan ya ce ai galmar ta ƙanensa ce. Na ƙarshen da muka samo ya ce ba ya zama da tsofaffi, a kawo masa na bana. Na bana ya leƙo ya ce Hajiya ta yi masa tsufa. Muka dawo da rana tsaka, an cinye mai, an cinye data, manoman bakin kanal na tambayarmu ko fim muke haɗawa.

Daga nan likita ya ce babu makawa sai wanka, wato a share komai na cikinta a zuba sabo. Na ce masa maganar Marka fa. Ya ciro filas, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, daga aljihu, ya kwashe duk abin da ke fuskar Hajiya ya zuba ciki, ko minti ɗaya bai cika ba. Na ce ashe maganar awa uku na shiga cikin ƙiftawar ido? Ya gyara tabarau ya ce in bar wa masu ilimi iliminsu. Na bar musu.

Bayan wanka muka buɗe filas. Komai na nan da sunansa, har da Marka, kowanne da 'yar kibiya a gindinsa. Ka danna, a ce maka ba a san inda yake ba. Ashe allunan da ke nuna hanya ya kwashe, gidajen kuwa ya bar su aka rushe. Yanzu haka ina da allo mai kyau da ke nuna hanyar zuwa muryar kakata, ga duk mai son gani.

Hajiya ta farfaɗo daga wankan ba ta san kowa ba. Sabon kayan da aka ɗora mata sun fi ƙarfin ƙashinta. Kwana uku fankarta na kuka, "wiiii", jikinta zafi har ba a iya ɗora hannu. Ranar Asabar na taɓa ta, ba ta ce "ƙirit" ba. Fuskarta baƙa ƙirin, sai ta ce "ɗit, ɗit, ɗit", sau uku daidai, adadin mutanenta na farko. Hannuna ya tafi da kansa wajen madannin dama, babu abin dannawa. Ƙaurin roba ya tashi. Zaharaddini ya cire tabarau ya ce kwana ya ƙare, kuma ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Wannan kam babu mai musu, mun ga iyakar.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗauri uku na baƙar roba, wadda yanzu ke kwance ba ta san wa za ta ciyar ba. Ta bar maus mai ciwon gefe guda, da lasifika biyu, ɗaya na magana ɗaya na tari. Ta bar makirfo da aka yi wa hula da safar jariri. Ta bar jaka mai zif ɗin da bai taɓa rufewa ba. Ta bar filas cike da alluna. Ta bar mutum uku da ta yi shekara da shekaru tana cigiya ba su taɓa aiko ko saƙo ba, in suna raye a wata kwamfutar, to a faɗa musu an daina nemansu. Ta kuma bar ni, da Dikko mai takalma, wanda tun ranar Lahadi ya koma talla da muryarsa ta gado, jama'ar layin kaji su yi haƙuri.

Kwana biyu na kasa faɗa wa Marka. Abin da ya sa, tun zazzaɓin da ta yi cikin Agusta ta fara tsallake sunaye. Ta kan kira jikarta Husna da sunan wadda ta rasu shekara talatin. Abin da ta zuba a makirfo farkon damina ba lalle ne yana kanta duka yanzu ba, kuma ni na san haka, ita ma ta sani. Jiya Litinin na je na durƙusa gabanta na faɗi komai, har da ciyawar da na cire. Sai ta ce: "Ashe allon naka ya riga ni. To gobe da hantsi ka zo ka ɗauke ni, ka kawo wayarka, tun sauran na kaina." Na ce Inna gobe Talata ce, ranar kasuwa, injin Hamma ba ya ko kallon sama, kuma yanzu ba ni da mai share ƙara. Gida kuma ga yara ga akuyoyi ga masu daka. Ta ce: "Sunaye sun san kasuwa?"

Ga yadda aka tsara jana'iza. Za a fito da marigayiya gobe Laraba da ƙarfe goma na safe daga shagona. Ba za a yi mata wanka ba, an riga an yi mata ɗaya kuma mun ga abin da ya haifar. Za a naɗe ta cikin tsohon ɗankwalin da Marka ta bayar, a ɗora ta a babur zuwa wurin 'yan gwangwan na bayan tasha, inda za a ɗora ta a sikeli. Fuskarta an yi sadaka da ita ga Yasir mai gyaran waya, ya ce akwai wata mai irin jininta da ke jira. Zaman makoki kwana uku ne a bencin ƙofar shago, akwai kunun zaƙi. Masu zuwa da "da ka sani", da masu cewa ai da an ajiye a wuri biyu, su bar shawararsu a gida, mun samu da yawa har mun rasa wurin zubawa. Injiniya Zaharaddini na cikin waɗanda aka gayyata, za a ba shi kujera a baya, muna roƙon jama'a kowa ya riƙe wayarsa da kyau.

Abu na ƙarshe, ga masu aiko tambaya game da maganar Marka. Yau da hantsi na kawo ta shago. Kasuwa ta cika, mata sun jera ƙwaryoyi da buhuna gaban injin Hamma har bakin titi, bango na rawa. Hamma ya ga lokacin da na sauko da ita daga babur tana dogara sanda. Na zaunar da ita, na ɗora waya a kan jakar marigayiya, na danna. Ta yi bisimilla, ta ce ƙofar gabas, ni kaina da ke gabanta ban ji sauran ba.

Sai injin ya yi tari biyu ya yi shiru.

Na leƙa ta taga in ga ko gaisuwar da aka yi mini alkawari ce ta zo. Hamma na nan da ransa, ya tsuguna gaban injin yana duban bel, bel ɗin da na ga ya sa sabo ranar Juma'a. Mata na ta faɗa, wata na cewa tuwon rana, wata na cewa za ta kwashe ta kai gaba. Ya ɗaga musu hannu su rage murya, wai yana sauraren inda ciwon yake.

Marka ta bi garin gida gida. Gidan su Ummulkhairi da suka yi tashe tare, su Bakura suka yi. Gidan maƙera. Gidan mai rijiya. Wuri uku ta tsaya. A na farko ta rufe ido, sannan ta ce wa wayar: "Nan akwai gida, ina ganin ƙofar, da magarya bakinta. Sunan maigidan ya ɓace mini. Ku bar mishi wurinshi. Mu wuce." Haka ta yi a na biyu, haka a na uku, ta wuce har ta kai rijiya. Awa ɗaya da rabi, muryarta tsaf, har kukan kurciya ya shiga. Na tura wa Hamidu a Gusau, na tura wa Husna, na sa a memori biyu tun kafin ta gama kurɓar ruwa.

Da na fito da ita za ta hau babur, Hamma ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya ja igiya sau ɗaya, injin ya kama. Bai dube mu ba. Ya karɓi ƙwaryar matar da ta fi kowa faɗa ya juye a bakin injin, gari ya tashi ya rufe shi.